Hob ɗin da aka sayar min a matsayin na keken dutse, da birkin da ya cece ni

Gaskiya wannan hob ɗin, wato gindin tsakiyar tayar baya, ban ba shi ko tauraro ɗaya ba, kuma duk mai niyyar haɗa keken dutse irin wanda ba firwil, wato taya na juyawa feda na juyawa ba hutu, ya tsaya ya ji abin da ya same ni kafin ya tura kuɗinsa.

Firam ɗina tsoho ne na ƙarfe ɗan gwanjo, ramin da tayar baya ke zama a kwance yake shi ya sa ma na zaɓe shi, don irin wannan keken ba a sa masa abun jan cen ɗin nan mai sifirin, da ka danne feda baya zai karye, dole da matsar da taya za ka ɗaure cen. Faɗin bayansa milimita 135 ne kamar sauran kekunan dutse na da. Na gaya wa mai kayan haka a rubuce, ya ce min "Alhaji kar ka damu daidai yake". Da kaya suka iso na auna sai ga 120, irin na keken tsere na fili. Ya ce wai in cika da washa, ƙananan zobban ƙarfen nan, a gefe. Toh na cika, taya ta zauna, amma layin cen bai taɓa miƙewa ba don irin wannan hob ɗin layinsa wajen milimita 42 ne daga tsakiyar firam, na keken dutse kuma yana kai 50, ga cen ɗin sai kuka yake ƙar ƙar ƙar ko ka ba shi mai.

Duk wannan na haƙura da shi. Abin da ban yafe ba shi ne tiredin. Kun san yadda abun yake, siforoket yana ɗauruwa ta dama, sai zoben kulle ya hau ƙaramin tiredi na waje wanda ke ɗauruwa ta hagu, ta yadda in siforoket ya nemi kwancewa sai ya ƙara matse zoben. To wannan nasun tiredin zoben ɗan mitsitsi ne, alminiyon ɗin kuma laushi gare shi kamar sabulu. Mai gyaran da ya ɗaura min sai da ya ce ranka ya daɗe wannan abun bai kwanta min ba, ya sa giris ya matse da sifanar da ta dace, muka sake dubawa bayan na ɗan hau gangaren unguwa.

Ranar da abun ya faru ina saukowa ne daga wajen duwatsun Shere ta ɓangaren Lamingo a Jos, hanya duk tsakuwa da zaizayar ruwa, ga ƙasa ta bushe tana santsi. Ina riƙe gudun da ƙafa kamar yadda aka saba, haƙora 32 a gaba 18 a baya, na zo wata kwana mai dutse a tsakiya na danne feda baya da ƙarfi don in ja tayar, kawai sai na ji ɓaras, ƙafafuna suka tafi fayau ba abin da ke riƙe su. Wallahi wanda bai taɓa hawa irin keken nan ba ba zai gane tashin hankalin ba, jikinka gaba ɗaya ya dogara da wannan turjiyar ne, lokaci ɗaya a ɗauke ta. Zoben ya share tiredin ya fita, siforoket ya kwance yana lilo a kan gindin hob, cen ya sauka, keke ya ƙara wuta, ga rami a hannun hagu. Innalillahi kawai nake ta maimaitawa. Na ja jikina baya sosai har cikina na taɓa sirdi na fara matsa birkin gaba a hankali a hankali don in na damƙe lokaci ɗaya ta kai zan wuntsila, Allah cikin ikonsa keken ya tsaya taku kaɗan kafin bakin ramin. Na zauna a ƙasa gwiwoyina na rawa, wani bawan Allah mai kiwo ya zo yana min sannu, daga nan tura keke na yi har bakin titi.

Birkin nan kam sai godiya. Avid BB7 ne na waya, ba na mai ba, da faranti mai milimita 180 a gaba, shi ma na hannu na saya. Yana da abun murzawa ta ɓangare biyu da kake matso da kowane fad mai kama farantin daban, waya in ta tsinke ko wane mai gyaran keke yana da ita. Masu cewa ai fiks, wato irin keken nan mara firwil, ba ya buƙatar birki ƙafa ta isa, wannan maganar titi ce mai laushi, a kan dutse da ma yawancin tsayuwa daga gaba take fitowa, kuma ba ka da damar daidaita feda ka tsallake dutse don ba ta tsayawa, hankalinka ya rabu biyu kenan.

Daga baya wani abokin hawanmu ya nuna min dabarar da ta ba ni mamaki. Ka samu hob na baya mai ramin noti shida na farantin birki, ka juya tayar, ka ɗaura siforoket mai ramuka shida a inda farantin ke zama. Shikenan, ba tiredi ba zobe, noti shida ne ke riƙe da shi, wurin da ma an yi shi ne don ɗaukar ƙarfin birki. Na samu tsohuwar tayar Shimano Deore, 135 cif, muka wanke boris muka sa sabon giris, muka canja sandar tsakiya zuwa mai noti don kar taya ta zame gaba, na juya robar tayar don zanen ya fuskanci daidai. Layin cen ya dawo 50 da 'yan kai ya yi daidai da na gaba, kukan nan ya ɗauke ɗif. Ƙananan siforoket masu haƙora 13 ko 14 ba sa shiga wurin saboda faɗin notukan, amma wa zai hau dutse da 13? Na danne shi baya iya ƙarfina a gangare ko gezau.

Sai dai fa an cinye wurin farantin baya kenan, ba birkin dis a baya. Ni kuma bayan abin da na gani ba zan sake yarda da birki ɗaya ba, ƙafa tana gajiya a doguwar gangara. Firam ɗin yana da ƙahonnin V-birki, amma rim ɗin tayar da na samo na dis ne zalla ba shi da gefen da roba za ta kama, dole aka warware aka sake saƙa hob ɗin a tsohon rim ɗina mai rami 32, sabbin sifok, kuɗin aiki, kuma duk sanda na ja taya baya don ɗaure cen sai na sake saita robar birkin. In na tuna duk wannan kashe kuɗin daga hob ɗin farko ya samo asali sai raina ya sake ɓaci.

Na tura wa mai kayan hoton tiredin da ya share da zoben, ya ce wai mu muka matse fiye da kima, da na ce to batun 120 da ka ce min 135 fa, ya karanta ya yi shiru. Har yau bai dawo min da ko sisi ba, kuma na ga yana nan yana tallata shi da sunan na keken dutse.