Ƙashi ko tsaba: wane rumbun bayanai ne ya fi nuna abincin Rumawa?

Ɗan'uwa, ka tambaya wanne za ka dogara da shi a bincikenka kan abincin mutanen Daular Rum, rumbun bayanan ƙasusuwan dabbobi ko na tsabar tsirrai da ake haƙowa a tsofaffin wuraren zamansu. Ka riƙe duka biyun, amma kada ka zuba alƙalumansu a tukunya ɗaya, domin ba iri ɗaya ake ƙirga su ba.

Ƙashi ya fi sauƙin kwatantawa. Yawancin rahotanni suna kawo NISP, wato adadin gutsattsarin da aka gane dabbar da ta bar su, daga nan a fitar da kason shanu, alade, da tumaki da awaki, waɗanda ake yawan haɗe su saboda ƙashinsu na kama da juna. Da wannan hanya masanin kayan tarihi Anthony King ya nuna a 1999 cewa alade ne ya rinjaya a yammacin tsakiyar Italiya, shanu kuma a lardunan arewa irin su Birtaniya. Rumbun RomAniDat yana tattara irin waɗannan alƙaluma. Sai dai kason ƙashi ba kason nama ba ne: saniya ɗaya ta ninka tunkiya nama sau da yawa. Babbar matsalar ma tun daga wurin haƙa take. Idan da hannu aka tsince, idon mai haƙa kan babban ƙashi yake faɗawa, na kifi da na tsuntsu su tafi da ƙasa. Sai an tankaɗe da rariya mai ramin milimita 2 ko ƙasa da haka suke fitowa. Don haka in ka ga babu kifi a wani wuri, fara duba ko an tankaɗe.

Tsaba ta fi wuyar sha'ani, kuma a nan aka fi yin kuskure. Ba ta daɗewa a ƙasa ba tare da ruɓewa ba sai ta ƙone ta zama gawayi, ko ta zauna cikin ruwa da laka, ko ma'adinai sun shige ta a masai, ko kuma ta bushe a hamada. Kowace hanya da abin da take adanawa. Wuta tana adana hatsi da ƙaiƙayi, shi ya sa alkama mai kwasfa ta cika rahotannin Birtaniya. Magudanar ƙazanta ta Herculaneum, garin Italiya da aman dutse ya binne a shekara ta 79 miladiyya, ta ba da ƙwayar ɓaure da inabi da masoro. A Berenike, bakin Bahar Maliya a Masar, an samu masoro kilo 7.5 cikin tulu ɗaya. Ganye da jijiya kuwa da ƙyar suke barin alama. Ana samo ƙonanniyar tsaba ne ta hanyar dama ƙasa cikin ruwa, kamar lita 40 a samfuri ɗaya, abin da ya taso a tare shi da rariya mai ramin kusan milimita 0.3.

Ɓaure ɗaya yana ɗauke da ɗaruruwan ƙwayoyi, zaitun kuma ƙwallo ɗaya tak, saboda haka jimillar tsaba ba ta nuna abin da aka fi ci. Abin da ya dace ka lissafa shi ne a samfura nawa cikin ɗari aka ga tsiron, kuma ka ware ƙonanne daga jiƙaƙƙe. Rumbun bayanan tsaba na ArboDat, wanda aka ƙirƙira a Jamus, yana rubuta hanyar da kowace tsaba ta adanu.

Ga mai farawa, mun fi ba da shawarar rumbun ƙauyukan Birtaniya na zamanin Rumawa da Jami'ar Reading ta haɗa, wanda ke kyauta a shafin Archaeology Data Service, don ƙashi da tsaba na wuri ɗaya suna tare. Kafin lissafi, ka ƙara ginshiƙai uku a teburinka: yadda aka tattara, girman rariya, da irin wurin, rami ne ko rijiya ko masai. Wurin da ƙasusuwan da aka gane ba su kai 100 ba, ajiye shi gefe.