Ɗanyen man kaɗanya da raɗaɗin fatar kai

Alofeshiya ta cinye min gashi wuri-wuri. Likitan fata ya ce garkuwar jikina ce ke far wa saiwar gashin. Zubewar ba ta dame ni kamar raɗaɗin ba, musamman da hunturu, lokacin da ɗaura ɗankwali ma azaba ne.

Mai mai turare ƙara min zafi yake. Ɗanyen man kaɗanya na Kasuwar Rimi, wanda ba a gauraya da komai ba, shi ya karɓe ni. Nakan murza kaɗan a tafin hannu ya narke, in shafa bayan wanka. Warinsa da ƙarfi, yana kuma ɓata matashin kai. Bai tsiro min da gashi ba, kada mai talla ya ruɗe ki, amma ƙaiƙayin ya lafa har ina samun barci. In wurin ya fara ruwa ko ƙuraje, 'yar'uwa, asibiti za ki.