Gargaɗi: masu tallan "manhajar sojoji" a Maradi ƴan damfara ne

Jama'ar Maradi, musamman ƴan kasuwa masu ajiyar kuɗi a waya, ku yi hattara. Wasu samari na zagaya rumfunan masu salula da zaurukan WhatsApp suna tallan wata manhaja, wai irin ta sojoji ce, mai ƙirƙirarriyar basira, tana gadin waya da kanta dare da rana, ta kori ɓarayin intanet ba sai ka taɓa komai ba. Jika goma suke karɓa, su turo maka fayil ka saka. Wallahi ƙarya ce.

Abin da ya sa take shiga kunne shi ne sun jingina ta da gaskiya, don fasahar akwai ta. A 2016 hukumar binciken sojan Amurka, DARPA, ta haɗa kwamfutoci 7 gasa a Las Vegas, kowace ta lalubo ɓaraka a cikin manhaja ta toshe da kanta, babu hannun mutum. Wadda ake kira Mayhem ta lashe dalar Amurka miliyan 2. Masu binciken ƙungiyar tsaro ta OTAN ma sun daɗe suna tsara irinta saboda kayan yaƙi da ke fagen daga, inda abokan gaba kan katse sadarwa, injiniya ba ya iya kawo ɗauki. To abin da manyan rundunoni ke kashe wa maƙudan kuɗi, shi zai faɗo hannun wani yaro a bakin tasha?

Na riƙe wayar wani maƙwabcina, dattijo dillalin aya, da hannuna. Hoton garkuwa ne kore a fuskar wayar, sai rubutun Faransanci wai an tsare komai. Tun wurin sakawa manhajar ta nemi izinin karanta saƙonni, Alhaji ya latsa mata. Da wannan izini ƴan damfarar suka ɗauke lambar sirrin da WhatsApp ke turowa ta saƙo, suka ƙwace masa WhatsApp. Kafin magariba ƴan uwansa na Yamai da Kano sun samu saƙo da sunansa, wai yana kwance asibiti. Ƙanwarsa ta tura kuɗi tana kuka. Wannan ya fi komai ƙona min rai.

Wanda ya riga ya saka, ya kashe intanet yanzu, ya goge ta, ya sauya lambobin sirrinsa ta wata wayar, ya kira dangi da murya ya sanar da su. A adana lambar mai tallan da takardar aika kuɗin, a kai wa ƴan sanda ko jandarma. Tun 2019 Nijar ke da dokar hukunta laifukan intanet.