Alƙalamin gashin akuya ko na langhao: wanne ya dace da mai koyon rubutun Sin?

Malama, kin ce kina son fara rubutun hannu irin na Sinawa, kin ga alƙaluman gashi iri biyu, fari da ruwan ƙasa, kin rasa na ɗauka.

Farin alƙalamin na gashin akuya ne, ana kiransa yanghao, wanda garin Huzhou na lardin Zhejiang ya shahara da shi. Yana shan tawada da yawa, tsomawa ɗaya ta isa babban harafi. Matsalarsa laushi: in kika danna shi ya kwanta, ba ya miƙewa da kansa, sai kin juya shi da wuyan hannu. Shi ya sa layin ɗan koyo ke fitowa da kumburi, ba ƙashi, wato ba ƙarfi a cikinsa. A hannun gwani kuwa, shi ke ba da kauri irin na salon gwanin rubutu Yan Zhenqing (709–785). Sai a zamanin Qing, daular sarakunan Sin ta ƙarshe, wannan alƙalami ya yaɗu sosai, lokacin da manyan haruffa suka samu karɓuwa.

Mai ruwan ƙasan, langhao, gashin wutsiyar wata dabba ce mai kama da tunku. Yana da tsauri, da kin ɗaga hannu tsininsa ya dawo. Shi ya dace da ƙananan haruffa da kusurwoyi masu kaifi irin na wani gwanin, Ouyang Xun, wanda ya rubuta allon dutsen fadar Jiucheng a shekarar 632. Amma tawadarsa kaɗan ce, gashin gajere ne, babbansa na da tsada. In kika ga ƙato da araha, yawanci an cuɗa shi da zaren roba.

Ni dai shawarata ki ɗauki na uku, jianhao, mai haɗa gashi iri biyu: mai tsauri a ciki, gashin akuya a waje, tsawon gashin kamar santimita 4. Da shi za ki yi harafi, ki kuma zana ganyen gora, kamar yadda malaman Sin irin su Su Shi ba su raba rubutu da zane ba.

Sabon alƙalami da danƙo yake zuwa. Jiƙa shi a ruwa mai ɗan ɗumi har ya warware. Tafasasshe yana narkar da mannin gindinsa, gashi ya zube. Kada ki fara kan ɗanyar takardar xuan, takardar rubutun Sin mai tsotse ruwa, tana watsa tawada; takardar gwaji mai araha da ake kira maobian ta wadatar. Bayan aiki ki wanke shi, ki rataye tsini a ƙasa, domin tawadar Sin zunzurutun baƙin hayaƙi ce da mannin fata, in ta bushe a gindi takan raba tsinin biyu.