Sanda mai ƙafa ɗaya ko tsarin hana girgiza: wanne ya fi wa mai babban gilashi?

Mai ɗaukar hoton mahaya a Sakkwato ranar sallah, da gilashin kyamara mai janyo nesa na milimita 400 ko 600, yana fama da nauyi da kuma rawar hannu. Irin wannan gilashi yakan kai kilo 2 zuwa 3.

Tsarin hana girgiza, wanda Canon ya fara sanyawa a gilashinsa a 1995 da sunan IS, Nikon kuma ya kira nasa VR, yana motsa wani ɓangare na cikin gilashin domin gyara rawar hannu. Amfaninsa ya fi fitowa bayan la'asar ko cikin hazon hunturu, lokacin da haske ya yi ƙaranci. Sai dai ba ya tsayar da motsin doki mai sukuwa, wanda ke buƙatar ƙyaftawar kyamara mai saurin kashi ɗaya cikin 1000 na daƙiƙa, kuma tsarin yana cin batir.

Sanda mai ƙafa ɗaya kuwa, wadda ake tokare kyamara da ita a ƙasa, nauyin take ɗauka, a ganina kuma nauyin ne babbar matsala a zafin Sakkwato, domin kafaɗar da ta gaji tun hantsi babu na'urar da za ta gyara ta. A ɗaura sandar a zoben da ke zagaye da gilashin, kada a ɗaura ta a jikin kyamarar. Sandar tana shiga cunkoson ƙofar fadar Sarkin Musulmi, inda matokarin kyamara mai ƙafa uku zai tare wa jama'a hanya.

Idan kuɗin abu ɗaya ke hannu, sanda nake zaɓa, don ta fi araha nesa ba kusa ba.