Maramiya ɗanya ko busasshiya: wace ta dace da mu a Sakkwato?

Hajiya, kin ce ƙanwarki ta dawo daga Umra da ƙullin busasshiyar maramiya, maƙwabciyarki kuma tana da ɗanya shuke a tukunya, kina son sanin ko ɗaya suke a girki, da kuma wadda ta fi jure ajiya.

Ganyen ɗaya ne, shi Turawa ke kira sage. Asalinsa ƙasashen gaɓar Bahar Rum, dangin na'a-na'a ne da daddoya. Amma da zarar ya bushe halinsa ya canza. Ɗanya tana da laushi da ɗan gashi-gashi, ƙamshinta bai da nauyi. Busasshiya ruwanta ya fita, ƙarfin ya taru wuri guda, ga ɗan ɗaci kamar na kafur. Saboda haka inda za ki sa babban cokali 1 na yankakkiyar ɗanya, ƙaramin cokalin shayi 1 na busasshiya ya wadatar, wato kashi 1 cikin 3. Idan niƙaƙƙiya ce, ki ƙara ragewa. Wanda ya zuba ta da hannun da yake zuba kori ko tayim, ranar sai an sha miya kamar magani.

Lokacin zubawa ma ya bambanta. Busasshiya tun farko ake sa ta, tare da albasa da nama, don ta samu ta jiƙa ta saki. Farfesun rago, naman agwagwa, dafaffen wake, miyar kabewa, duk ta karɓe su, don ita mai son maiƙo ce, tana yanke gundurar kitse. Ɗanya kuwa sai an kusa sauke tukunya.

Wuri ɗaya ne ɗanya ta yi wa busasshiya fintinkau, shi ne suya. Mutanen Italiya na soya ganyenta a bota su zuba kan taliya. Mu kuma ga man shanu a hannu. Ki narka shi, ki jefa ganye 6 ko 8 da kika goge suka bushe sarai, cikin daƙiƙa 30 za su yi ƙaras-ƙaras, man ya ɗauki ƙamshi. Ki soya hantar ragon layya a cikin man nan ki ji. Busasshiya ba ta wannan aikin, ƙonewa take ta yi baƙi ta ɓata man.

A ajiya kuwa ba a ma haɗa su. Ɗanya, in an naɗe ta a takarda an sa a leda cikin firij, ba tare da an wanke ba, takan kai kusan mako guda. To wane firij, da wutar nan tamu, a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40? Kwana biyu ta yi yaushi. Busasshiya mai ganye sukutum takan kai shekara a kwalba mai murfi gam, garinta kuwa wajen wata 6 ƙamshi ya fara gudu. Ki cire ta daga ledar da ta zo ciki, ki nisanta ta da murhu da taga, da damina kuma kada cokali mai laima ya shiga kwalbar. In kina son gane ko tana nan da ranta, murza kaɗan a tafin hannu ki shinshina.

Ni dai a garin nan busasshiya nake zaɓa, ɗanya a bar ta jikin uwarta, a tsinko ranar da za a soya. In maƙwabciyar ta ba ki da yawa, ki shanya a inuwa lokacin hunturu, ba a rana ba, don rana kwashe ƙamshin take.

Game da shayi, da Larabawan Falasɗinu da Jodan suka saba sa ta ciki: ganye 2 ko 3 sun isa buta. Tana ɗauke da sinadarin tujon da ke cutarwa in ya yi yawa, kuma an san ta da rage ruwan nono. Mai ciki da mai shayarwa su tsaya ga ɗan abin da ke shiga miya.