persist ko merge? Amsa ga ɗan uwanmu na Jos

Ɗan uwa na ga tambayarka, ka ce manhajar makarantar da kake haɗawa a nan Jos da Hibernate (kayan aikin Java da ke adana bayanai a database) tana jefo maka "detached entity passed to persist" duk sanda ka zo adana sabon Dalibi, kana tambaya ko ka canza persist ya koma merge kawai ka huta. Toh dakata tukun, aikinsu ba ɗaya ba ne.

persist na sabon abu ne wanda bai taɓa shiga database ba. Kana miƙa shi Hibernate zai riƙe shi kansa, duk abin da ka canza kafin commit zai rubuta. Amma in abun ya riga ya samu id, kuma session ɗin da ya ɗauko shi (wato zaman aikin Hibernate da database) ya rufe, ya zama detached kenan, persist ba zai karɓe shi ba.

Shi kuma merge zai karɓa, sai dai ba naka yake riƙewa ba. In babu abun a session sai ya yi SELECT ya ɗauko na database, ya kwafe bayananka a kansa, ya dawo maka da wancan, naka yana nan a sake yadda yake. A nan mutane da yawa ke shan wahala, za su rubuta em.merge(dalibi) (em shi ne EntityManager, wanda ake kiran persist da merge ta hanyarsa) sannan su ci gaba da dalibi.setSuna(), ba wani kuskure da zai fito amma ka buɗe tebur ka ga tsohon suna. Dole ka rubuta dalibi = em.merge(dalibi). Kuma merge komai yake kwafewa har null (wato gurbin da ba komai a ciki), in fom ɗinka suna kaɗai ya turo to lambar wayar mahaifin yaro ta goge kenan, wallahi wannan ya fi ba ni tsoro don shiru yake faruwa. Ni shi ya sa wajen gyara na fi son in ɗauko abun daga database da find a cikin transaction, in canza abin da nake so kawai.

Matsalarka kam ina ganin ba daga Dalibi take ba tunda sabo ne. Aji ne. Ka ɗauko shi tun a request na baya, in ka sa CascadeType.ALL (wato duk abin da aka yi wa Dalibi a yi wa Ajinsa) a kan @ManyToOne da ke haɗa Dalibi da Aji to persist ɗin yana bi ya kai kan Ajin da ya riga ya zama detached. Cire ALL ɗin, ka sa em.getReference(Aji.class, id) don haɗa ɗalibin da Ajin da ke database. Ka lura ALL har da REMOVE a ciki, ranar da ka goge ɗalibi ɗaya Hibernate zai nemi goge ajinsu ma.

In Spring Data (wani kayan aikin Java da ke sauƙaƙa aiki da database) kake amfani da shi, save() yana kiran persist in ya ga abun sabo ne, in ba haka ba merge, don haka riƙe abin da ya dawo maka da shi. Gwada, in bai tafi ba turo mana kod ɗin Dalibi da Aji mu duba tare.